In ba yaƙi ba, da me za a tunkari ta'addanci?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Kullum kuna cewa a bar yaƙi a nemi sulhu. To wanda ya ɗaura bam ya shiga cikin jama'a, ko ƙungiyar da ta ɗauki makami tana kisa ba ji ba gani, da me za a tunkare su in ba da soja ba? Akwai wata hanya ta gaskiya, ko dai magana ce ta waɗanda wutar ba ta kai gidansu ba?"

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma ƙarshenta ya fi farkonta nauyi. Wanda aka kashe wa ɗa yana da haƙƙin ya tuhumi duk mai zo masa da maganar sulhu. Saboda haka zan amsa maka da abin da ya faru a ƙasashen da suka ɗanɗana wannan masifa, inda hanyar ta yi aiki da inda ta ci tura.

Mu fara gyara wani abu. Ƙin yaƙi daban, naɗe hannu daban. Ɗan sandan da ya kama mai haɗa bam ya yi amfani da ƙarfi, amma bai yi yaƙi ba. Doka tana neman mutum ne da sunansa da laifinsa, ta kawo shaida, ta yi masa hukunci shi kaɗai. Yaƙi kuwa yanki yake faɗa wa, ya haɗa mai laifi da maƙwabcinsa, da jariri, da gonar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wannan bambancin shi ne gishirin maganar baki ɗaya.

A 2008 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka, wadda ita kanta take yi wa ma'aikatar tsaron Amurka aiki, ta fitar da nazarin Seth Jones da Martin Libicki a kan ƙungiyoyin ta'addanci 648 da suka wanzu tsakanin 1968 da 2006. Tambayarsu ɗaya ce: waɗanda suka ƙare, me ya kawo ƙarshensu? Kashi 43 cikin ɗari sun ajiye makami ne suka shiga siyasa. Kashi 40 aikin 'yan sanda da jami'an leƙen asiri ne ya gama da su. Kashi 10 sun cim ma burinsu. Waɗanda ƙarfin soja ya murƙushe kashi 7 ne kacal. Masu binciken sun kuma faɗi abin da bai yi wa masu son sulhu daɗi ba: ƙungiyoyin da ke fakewa da addini sun fi daɗewa kafin su ƙare, kuma idan ƙungiya ta ƙasaita har ta zama rundunar tawaye mai riƙe da ƙasa, soja yana da rawar takawa. Zan dawo kan wannan. Amma ka riƙe lissafin a ranka, domin a yawancin ƙasashe kasafin kuɗin ya bi ta bayan hannu: kaso mafi tsoka yana tafiya ga hanyar kashi bakwai.

Me ya sa haka? Ƙungiyar ta'adda ba ta iya gwabzawa da gwamnati gaba da gaba, ita ma ta sani. Rayuwarta a kan abu uku take: sababbin matasa da za su maye gurbin waɗanda suka mutu, kuɗi, da shirun mutanen da take zaune a cikinsu. Harin da take kaiwa sau da yawa tsokana ce, tana so gwamnati ta fusata ta yi kan mai uwa da wabi, don ita ta samu abin nuna wa jama'a: kun gani ko, ba mun faɗa muku ba? Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da mutum 495 da suka shiga ƙungiyoyi irin su Al-Shabab da Boko Haram da ƙafarsu, ta fitar da rahoto a 2017. Kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ƙarasa ingiza su shi ne wani aiki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Fiye da rabinsu sun amsa cewa fahimtarsu ga littattafan addini kaɗan ce ko babu ita sam. Talauci da rashin makaranta suna nan a ƙasa, amma wanda ya kai su bakin ƙofa, sau da yawa, mai kaki ne.

Duba abin da ya faru a garin Derry na Ayalan ta Arewa ranar 30 ga Janairu 1972. Jama'a sun fito zanga-zangar ƙin jinin tsare mutane ba shari'a, dokar da aka fara aiki da ita watanni kaɗan kafin nan. Sojojin Birtaniya suka buɗe wuta, mutum 13 suka mutu nan take, wani ya cika daga baya, ba ko ɗayansu da ke barazana ga kowa. Kafin ranar, ƙungiyar IRA, wadda ta ɗauki makami don raba yankin da Birtaniya a haɗe shi da Jamhuriyar Ayalan, tana fafutukar neman mayaƙa. Bayan ranar, matasa ne suke nemanta. Shekarar 1972 ta zama mafi muni a duk tsawon rikicin, kusan rai 500. Sai a 2010, bayan shekara 38, firaministan Birtaniya David Cameron ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. A Iraƙi ma haka: mamayar 2003, rushe rundunar sojan ƙasar da aka yi a watan Mayun shekarar aka watsa ɗaruruwan dubban mutane masu horo cikin gari ba albashi, da gidan kaso na Bucca inda masu tsattsauran ra'ayi suka san juna, har da Abubakar al-Baghdadi, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ISIS. Shekara goma sha ɗaya bayan mamayar, birnin Mosul ya faɗa hannun ISIS ɗin, ƙungiyar da ba a san ta da wannan suna ba a 2003.

To me za a yi? Na farko shi ne aikin bincike da kotu, kuma misalin Libiya ya isa a tsaya a kansa domin an gwada hanyoyin biyu a kan gwamnati ɗaya. A Afrilun 1986 jiragen Amurka sun yi ruwan bama-bamai a Tarabulus da Bengazi don hukunta Gaddafi kan wani hari a Berlin. A Disamban 1988 aka tarwatsa jirgin fasinja a saman garin Lockerbie na Sikotlan, mutum 270 suka halaka. Wannan karon ba a aika jirgin yaƙi ba. Masu bincike suka bi filaye suna tsintar ɓurɓushin jirgin ɗaya bayan ɗaya har suka kai ga mutum biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba takunkumi a 1992, Nelson Mandela ya shiga tsakani, a 1999 Libiya ta miƙa mutanen, aka yi shari'a a ƙasar Holan bisa dokar Sikotlan, aka ɗaure ɗaya aka saki ɗaya a 2001. A 2003 Libiya ta ɗauki alhaki ta amince da diyyar dala biliyan 2.7. Har yau akwai iyalan mamatan da ba su gamsu da hukuncin ba, kuma shekara goma sha biyar ba wasa ba ce ga mai jiran adalci. Amma ba a kashe wani marar laifi a kan hanyar ba.

Indunisiya ta bi irin wannan turba bayan harin Bali na Oktoban 2002 da ya ci rai 202. Ta kafa runduna ta musamman a cikin 'yan sanda, ta kuma yi shari'ar a bainar jama'a, abin da ya fi komai tasiri, domin mutane da yawa a ƙasar sun ɗauka makircin baƙi ne har sai da suka ji 'yan ƙasarsu suna faɗin abin da suka aikata da bakinsu. Wani babban kwamandan Jama'a Islamiyya, ƙungiyar da 'ya'yanta suka kai harin, mai suna Nasir Abas, ya juya ya koma yana shiga gidajen yari yana magana da tsofaffin ɗalibansa. Rundunar ba ta tsira daga zargin kisa ba shari'a ba, kuma zargin yana da tushe. Duk da haka a watan Yunin 2024 manyan ƙungiyar suka fito suka sanar da rushe ta.

Ƙashin bayan wannan aiki kuwa bayanan sirri ne, kuma mafi ingancinsu daga bakin mutane yake fitowa. Ka ɗauki uwar da ta lura ɗanta ya canja: ya daina cin abinci da 'yan gida, yana kulle ɗaki yana waya ƙasa-ƙasa, ya fara kafirta mahaifinsa. Ita ce mutum ta farko a duniya da ta sani. Tana kwana tana juyi tana auna abu ɗaya: in na faɗa wa hukuma, zan sake ganin yaron nan da rai? Idan ta san za a kama shi a bincike shi a kai shi gaban alƙali, ko a haɗa shi da mai ba shi shawara, za ta yi magana. Idan ta san za a zo cikin dare a kwashe shi da ƙannensa da mahaifinsa, ba wanda zai sake jin ɗuriyarsu, za ta haɗiye maganar har kabari. Duk ƙasar da ke azabtar da wanda ta kama tana toshe kunnenta ne da hannunta.

Toshe hanyoyin kuɗi ma yana da amfani, kuma ƙuduri mai lamba 1373 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka zartar a Satumban 2001, ya wajabta shi a kan kowace ƙasa. Yana takura wa babbar ƙungiya mai biyan albashi, amma ba ya hana ƙaramin hari mai araha. Takunkumin da ake jibga wa ƙasa ɗungurungum kuwa, irin na Iraƙi a shekarun 1990, ni ba na lissafa shi cikin hanyoyin lumana, domin yara da marasa lafiya ne suka biya.

Sai babbar magana, wadda na san ita ce ta fi tsaya maka a wuya: zama da su a teburi. Kusan kowace gwamnati takan rantse ba za ta taɓa magana da 'yan ta'adda ba, kuma da yawa daga cikinsu suna yi a ɓoye a daidai lokacin da suke rantsuwar. Birtaniya ta riƙe wata kafa ta sirri da IRA tun shekarun 1970 ta hannun wani ɗan kasuwa a Derry. Da lokaci ya yi, tsohon sanatan Amurka George Mitchell ya jagoranci tattaunawa ta kusan shekara biyu, aka sa hannu ranar 10 ga Afrilu 1998, bayan an rasa rai kimanin 3,500. Abin da ke cikin yarjejeniyar ya fi bikinta muhimmanci. An raba mulki tsakanin ɓangarorin biyu, masu son zama da Birtaniya, galibi Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ayalan, galibi Katolika. An bar maganar haɗewa da Jamhuriyar Ayalan a hannun ƙuri'a. An sauya rundunar 'yan sanda har da sunanta, aka riƙa ɗaukar rabin sababbin ma'aikata daga Katolika, waɗanda a da suke kallon rundunar a matsayin abokiyar gaba. Aka kuma saki fursunoni cikin shekara biyu, har da masu jini a hannu, wanda ya kasance ɗaci ga iyalai da yawa. Wata huɗu bayan sa hannu, wasu da suka ɓalle daga IRA suka tayar da bam a Omagh suka kashe mutum 29. Da an ce sulhu ya mutu a ranar, da sun yi nasara. Ba a ce ba. IRA ba ta gama lalata makamanta ba sai a 2005, a gaban wani janar ɗan Kanada da limaman coci biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. A 2007 Ian Paisley da Martin McGuinness, waɗanda suka shafe rayuwarsu suna gaba, suka zama shugaba da mataimaki a gwamnati ɗaya.

Na lardin Aceh a Indunisiya ya fi nuna yadda ake ɗinke rashin yarda. Kusan shekara 30 ana yaƙi, sai igiyar tsunami ta Disamban 2004 ta share gaɓar tekun lardin, kowa ya rasa abin faɗa. Tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari ya tara su a Helsinki, aka sa hannu ranar 15 ga Agusta 2005. 'Yan tawaye suka janye buƙatar ɓallewa, aka ba lardin kashi 70 cikin ɗari na kuɗin man fetur da iskar gas ɗinsa, da 'yancin kafa jam'iyyun kansa. Ba wanda ya yarda ya fara ajiye ƙarfinsa, don haka aka kasa aikin kashi huɗu: 'yan tawaye su kawo rubu'in bindigoginsu a yanka su da injin a gaban masu sa ido daga Tarayyar Turai da ƙasashen yankin, gwamnati ta janye wani kaso na sojojinta, sannan a shiga zagaye na gaba. Bindiga 840 aka lalata a haka. Irwandi Yusuf, ɗan tawayen da ruwan tsunami ya tarar a gidan yari ya tsira da kyar, shi jama'a suka zaɓa gwamna a ƙarshen 2006.

A Mozambik ma ba wata babbar ƙasa ce ta sasanta jam'iyya mai mulki Frelimo da 'yan tawayen Renamo ba. Wata ƙungiyar mabiya Katolika ce a birnin Rum, Sant'Egidio, ta ba su masauki fiye da shekara biyu har aka sa hannu ranar 4 ga Oktoba 1992, bayan yaƙin da ya ci kimanin mutum miliyan ɗaya. Renamo ta yi ta'asar da ba ta faɗuwa, amma ta zama jam'iyyar adawa. An sake samun tashin hankali bayan shekara ashirin, sai dai bai kai ko kusa da na baya ba.

Ga wanda yake ganin sulhu ƙasƙanci ne, akwai Hudaibiyya. A shekara ta shida bayan Hijira Annabi (SAW) ya amince da sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi: a koma ba a yi Umra ba, a mayar da duk wanda ya gudo daga Makka, har a goge laƙabin Manzon Allah daga takardar saboda wakilin Ƙuraishawa ya ƙi. Sayyidina Umar da kansa ya tambaya, ashe ba mu ne a kan gaskiya ba? Mutum kimanin 1,400 ne a Hudaibiyya. Bayan shekara biyu, dubu goma ne suka shiga Makka, kusan ba a zubar da jini ba. Tsagaita wutar ce ta ba mutane damar haɗuwa su ji da kunnensu.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne ƙofar fita. A cikin kowace ƙungiya akwai waɗanda suka gaji, da waɗanda aka sato tun suna yara, da waɗanda suka ga abin da ya saɓa wa abin da aka yi musu alkawari. Idan mai son fita ya san mutuwa ce a gabansa, mutuwa ce a bayansa, zai zauna inda yake da bindigarsa. A Masar shugabannin Jama'a Islamiyya ta can (daban take da ta Indunisiya) da ke tsare ne suka sanar da tsagaita wuta a 1997, kuma duk da kisan gillar Luxor da wasu 'yan ƙungiyar suka yi a ƙarshen shekarar, a 2002 suka wallafa littattafai huɗu suna warware hujjojinsu na da ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan raddi ya fi na kowane jami'in gwamnati shiga, domin daga bakin waɗanda suka koyar da abin ya fito. Muritaniya a farkon 2010 ta tura manyan malamai cikin gidan yarin Nuwakshot suka yi muƙabala da fursunoni a kan hukuncin kafirta shugabanni da jinin baƙon da aka ba amana. Aka saki gomman da suka janye, aka taimaka musu da abin sana'a. Ƙasar ta haɗa da gyara rundunarta da kai ruwa da asibiti garuruwan sahara, kuma tun 2011 ba ta sake ganin babban hari ba, alhali maƙwabciyarta Mali tana ci da wuta. Ba kowane shiri ne ya yi kyau haka ba. Daga cikin waɗanda suka bi ta shirin gyaran hali na Saudiyya akwai wanda ya tsallaka Yaman ya zama mataimakin shugaban Al-Ƙa'ida a can. Tantancewa aiki ne mai wuya, kuma idan aka fifita tubabbe a kan wanda ya zalunta, aka ba shi jari aka bar marayun da ya samar a sansani, an shuka wata gabar.

Jama'ar gari ma suna da ƙarfin da ba su cika sanin suna da shi ba. A Yulin 1997 ƙungiyar ETA mai neman ɓallewar yankin Basque daga Sifaniya ta sace wani matashin kansila, Miguel Ángel Blanco, ta ba da wa'adin awa 48, ta harbe shi. Miliyoyin mutane suka cika tituna, har a garuruwan da a da ba a iya ɗaga murya a kan ƙungiyar. Daga nan ta fara rasa inuwa. Haɗin gwiwar 'yan sandan Sifaniya da Faransa ya ƙarasa raunana ta, ta daina kai hari a 2011, ta rushe kanta a 2018. A Laberiya a 2003, ana cikin yaƙin basasa, mata Kirista da Musulmi cikin fararen kaya suka yi ta zaman dirshan a Monrobiya, sannan suka bi masu tattaunawa har Akra. Da suka ga shugabannin mayaƙa suna jan ƙafa a otal, sai suka zauna suka tare ƙofofin zauren suka ce ba mai fita sai an daidaita. Janar Abdulsalami Abubakar ne mai shiga tsakani. An sa hannu ranar 18 ga Agusta. Matan ba su kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba, akwai matsin 'yan tawaye da dakarun ECOWAS da ficewar Charles Taylor, amma su suka hana a ci gaba da wasa da lokaci. Erica Chenoweth da Maria Stephan sun tattara gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka tarar na lumana sun yi nasara a kashi 53 cikin ɗari, na makami kashi 26. Dalilin a fili yake: tsoho da mace da ma'aikaci duk suna iya shiga yajin aiki, kuma soja ya fi saurin ƙin bin umarni idan ya hango ƙanwarsa a cikin taron.

Yanzu ga inda ba zan rufe ka ba. Akwai sulhun da ya zama tarko. Kolombiya ta bar wa 'yan tawayen FARC yanki mai faɗin murabba'in kilomita 42,000 daga ƙarshen 1998 zuwa 2002 don a yi tattaunawa, ƙungiyar ta yi amfani da shi ta ƙara ƙarfi. Pakistan ta yi yarjejeniya da 'yan Taliban na ƙasarta a kwarin Swat a Fabrairun 2009, kafin wata uku sun kutsa gundumar gaba. A Ruwanda an sa hannu a Arusha a Agustan 1993 alhali wasu suna tara adduna, kuma da kisan ya fara a Afrilun 1994 Majalisar Ɗinkin Duniya rage dakarunta ta yi, aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari. A garin Srebrenica na Bosniya a 1995 an kwashe maza da samari kimanin 8,000 daga yankin da aka ce yana ƙarƙashin kariya. A irin wannan ranar, wanda yake da ikon tsayawa tsakanin mai kisa da wanda za a kashe, ya ƙi, ba shi da wata hujja. Ƙungiyar da ta kama birni tana sayar da mata, kamar yadda ISIS ta yi wa Yazidawa, ba wasiƙa za a aika mata ba. Ni ban ce a rushe soja ba. Abin da nake cewa shi ne aikinsa kare mutane da hana mai makami samun galaba, har ya gane bindiga ba za ta kai shi ko'ina ba. Daga nan sauran aikin na wasu ne. Siri Lanka ta murƙushe 'yan tawayen Tamil da ƙarfi zalla a 2009, gaskiya ne, amma kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hular da suka mutu a watannin ƙarshe za su iya kai 40,000.

Lokaci ma yana da hukunci. A taron Bonn na Disamban 2001 kan makomar Afganistan, lokacin da Taliban take a warwatse, ba a gayyace ta ba, kuma Lakhdar Brahimi da ya jagoranci taron ya ce daga baya wannan ne kuskuren asali. Bayan shekara kusan 20 da kashe fiye da dala tiriliyan biyu, Amurka ta zauna da Taliban ɗin a Doha a 2020, ba tare da gwamnatin Afganistan a teburin ba, kuma a Agustan 2021 suka shiga Kabul. An yi tattaunawar da aka ƙi yi tun farko, sai dai an yi ta a lokacin da babu sauran abin ciniki. Sulhun da ke ɗorewa yana da alamomi: ɓangarorin biyu sun gane ba mai cin wani, wanda ya sa hannu yana da iko a kan mayaƙansa, akwai mai sa ido daga waje, ana ajiye makami a ƙirga, kuma an taɓa ainihin abin da ya haddasa rikicin, ƙasa ce ko mulki ko rabon arziki. Kuɗin da ake ba shugaban 'yan bindiga don ya yi shiru na wata shida ba ya cikin wannan lissafi. Wannan koya wa na baya ne cewa bindiga sana'a ce.

Saura wanda ka ambata a ƙarshen tambayarka, wanda wutar ta kai gidansa. A nan ne nake ganin Kolombiya ta yi abin koyi a zagaye na biyu. A tattaunawar da gwamnati da FARC suka fara a 2012 a Habana, babban birnin Kyuba, an kawo mutum 60 daga cikin waɗanda aka zalunta, rukuni biyar, suka zauna ido da ido da kwamandojin FARC da janar-janar na gwamnati suka faɗi abin da aka yi musu. Da aka kai yarjejeniyar gaban jama'a a Oktoban 2016, suka ƙi ta da ƙaramin rinjaye, galibi saboda suna ganin an yi wa masu laifi sassauci, alhali da yawa daga yankunan da suka fi shan wuya ƙuri'ar amincewa suka jefa. Aka koma aka gyara, aka sa hannu a Nuwamba, mutum kimanin 13,000 suka shiga shirin ajiye makami. Kotun musamman da aka kafa tana aiki da ƙa'ida ɗaya ga ɗan tawaye da soja: wanda ya faɗi gaskiya duka ya amsa laifinsa zai yi shekara biyar zuwa takwas a taƙaitaccen 'yanci yana aikin gyara ɓarna, irin su tone nakiyoyi da neman gawarwakin waɗanda suka ɓata. Wanda ya musa aka kama shi da hujja zai iya shan shekara 20 a kurkuku. Kotun ce ta bayyana a 2021 cewa sojoji sun kashe fararen hula 6,402 tsakanin 2002 da 2008 suka ce 'yan tawaye ne don a yaba musu. Ita ce kuma a Yunin 2022 ta zaunar da tsofaffin shugabannin FARC a Bogota, gaban mutanen da suka yi garkuwa da su da 'ya'yan waɗanda ba su dawo ba, suka amsa laifin da bakinsu.

Ƙasar ba ta huta gaba ɗaya ba. An kashe ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa bayan sun ajiye makami, wasu sun koma daji, rabon filayen da aka yi alkawari yana tafiyar hawainiya, kuma wasu ƙungiyoyin sun cike gurbin da FARC ta bari a wuraren da gwamnati ta yi jinkirin isa. Akwai iyaye da yawa da har yau suke ganin shekara takwas ba ta kai jinin ɗansu ba, kuma ba ni da bakin ce musu sun yi kuskure. Amma akwai waɗanda ta wannan kotu aka nuna musu ramin da aka binne nasu bayan shekara ashirin suna nema, suka ɗauko ƙasusuwan suka yi musu sutura.